Randar da Ba Ta Zufa

Daga Allah muke, wurinSa za mu koma, uwar mijina ta riga mu isa. Ta rasu cikin bazarar bana, da hantsi, a ƙauyenmu da ke gefen Gangara, bayan ciwon ƙirji na kwana shida. Maginiyar tukwane ce, kuma a iya sanina ita ce ta ƙarshe a wannan yanki namu.

Ranar da aka kai ta makwancinta ban ji wadda ta fara da zancen sallarta ko azuminta ba, ko da yake ba ta wasa da su. Duk macen da ta shigo, in ta gama "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri", sai ta gyara zama ta kawo zancen tukunya. Wata tsohuwa daga Gangara ta nuna ɗiyarta mai goyo, ta ce, "Tukunyar tuwona ita ta gina mani, tun wannan tana bayana, har yau ko tsaga babu." Wata ta ce nata tulun ya faɗo daga kan jaki bai fashe ba. Wata kuma ta yi dariya cikin hawaye, ta ce marigayiya ta taɓa hana ta sayen randa, wai gidanta da awaki da yawa kuma ba ta da kula. A waje, in ji mijina, liman cewa ya yi bai taɓa jin ta shafe tsaga da laka ta kai kasuwa ba.

Bafulatanar da ke kawo mana nono ba ta zauna ba. Ta ajiye ƙwaryarta, ta wuce kai tsaye gindin itacen bedi inda randar gidanmu take. Ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta kara kunne, ta shafa gumin da ke jikinta ta goga a fuska. Sannan ta durƙusa ta yi kuka, irin kukan da ban ji ko daga dangi ba.

Ranar sadakar uku randar nan ta fashe. Mata biyu ne suka ɗaga ta za su matsar da ita kusa da baƙi, ba su rage ruwan ba, gindin ya zauna a ƙasa bakin ya biyo hannunsu. Aka yi ta salati. Ƙanwar marigayiya, wadda muke kira Iya, ta ce, "Ku bar ta, ta bi mai ita." Kowa ya ce haka ne. Ni kuwa ba randar nake kallo ba. Ɗiyata nake kallo, tana tsaye da moɗa a hannu, ruwa yana bi ta ƙarƙashin ƙafafunta.

Ba zan rubuta sunan marigayiya ba, bakina bai taɓa kama shi ba tana raye, ba zai fara yanzu ba. Inna nake ce mata. Ba zan rubuta na ɗiyata ba, don ita ce ta fari, kuma sunan Inna aka sa mata. Inna kuwa "takwara" take ce mata. Shekararta huɗu. Saboda ita nake cika wannan kaye, littafin rubutun da ya rage mani daga karatun manya, don in ta girma ta san wadda ta ci sunanta, ta kuma san abin da uwarta ta yi.

Da aka watse daga makoki na shiga ɗakin Inna. A can ƙurya, ƙarƙashin tsofaffin tabarmi, akwai ɗanyun tukwane tara da ta gina kafin ta kwanta, suna jiran wuta. Tukwanen girki huɗu, tuluna biyu, manyan randuna biyu, da ƙaramar randa ɗaya da ba ta wuce ƙugun yarinya ba. Wannan ƙaramar ta takwara ce. Duk gidajen ƙauyen nan akwai hannun Inna, amma a gidanta abin da ya rage ke nan, kuma ɗanye ne. Ɗanyar tukunya ƙasa ce kawai. In ruwa ya taɓa ta, ta koma inda ta fito.

Ya kamata a ce na iya toya su. Shekara biyar ina gidan nan. Dalilin da ban iya ba, faɗa ɗaya ne da muka yi.

Shekarar da aka kawo ni daga wajen Sae Sabuwa ne. A gidanmu ba a gini, a kasuwa na san tukunya. Wata rana Inna ta tafi suna, ta bar yumɓunta a kwaɓe, rufe da buhu. Na ɗaga buhun na ga ƙaiƙayi a ciki, ga tsakuwa-tsakuwa, har da abin da na tabbata kashin jaki ne. Na ce a raina awaki sun ɓata wa tsohuwa aiki. Tun hantsi har azahar ina dama shi da ruwa, ina tacewa da rariya, ina sake tacewa da tsohon kallabi, sai da ya yi sumul kamar kullun koko. Na wanke hannu na zauna ina jiran a sa mani albarka.

Ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta sa babban yatsan ƙafarta a ciki.

"Ke Bagobira, mi kika yi ma yumɓuna?"

"Na tace maki shi, Inna. Duk datti ne."

"Datti." Ta maimaita a hankali. "Kwana ukku ina dakan tsingaron nan. Akwai tukunyar uwata ciki. Cikin ta uwata akwai ta uwarta. Ina kika zubda?"

"Bayan danga."

Tsohuwar nan ta zagaya bayan danga da zanen da ta je suna da shi, ta durƙusa, tana tsince garin fasassun tukwane daga cikin yashi, kaji suna taya ta tono. Ba ta zage ni ba, ba ta ambaci iyayena ba. Da ta dawo cewa ta yi, "In ba ki san abu ba, ki tambaye ni. Tambaya ba ta taɓa sa mani ciwon kai ba."

Bayan haka ta gina 'yan kasake biyu, ɗaya da nawa tataccen yumɓu, ɗaya da nata. Nawa ya fi kyau nesa ba kusa ba. Tun wajen bushewa ya fara tsagewa, a wuta ya rabe uku. Ta ɗauko gutsattsarin ta jera mani a bakin ƙofa. Yanzu na gane karatu take ba ni. A lokacin gani na yi ta tozarta ni a gaban matan gida. Na shiga ɗaki na yi kuka, na rantse a raina hannuna ba zai ƙara taɓa yumɓunta ba. Na cika rantsuwar kuwa. Ina ɗebo mata ruwa, ina haɗo kara, ina tsinto busasshen kashin shanu, amma da ta fara taka yumɓu sai in sami abin yi a madafa. Ita ma ba ta ƙara kirana ba. Ita tana jira in tambaya, ni ina jira ta kira. Haka muka cinye shekara biyar muna gaisawa lafiya lau.

Ɗan abin da na sani, da gefen ido na sato shi. Na san ba haɗi ɗaya take yi ba. Tukunyar da za ta zauna kan murhu, dakakken tsingaro take cika mata, wai shi ya riga ya san wuta, ba ya firgita. Randa kuwa ƙaiƙayin gero take ba ta da tankaɗaɗɗen kashin jaki, na ji tana gaya wa wata mai saye cewa wuta tana cinye su ta bar 'yan hanyoyi da ido ba ya gani, ta nan ruwa ke fitowa ya zama gumi, iska ta sha gumin, na ciki ya yi sanyi. Tulu tsaka-tsaki ne, don shi matafiyi ne, kullum yana kan wani yana karo da bakin rijiya. Amma nawa ake zubawa? Ba ta da mudu, ba ta da kwano. Ta watsa, ta taka, ta watsa, ta taka, sai ta tsinko kaɗan ta sa tsakanin haƙoranta na gaba. Ta ce "saura", ko ta ce "ya yi". Awon nan a bakinta yake, da shi aka binne ta.

Akwai ranar da ba na mantawa. Mijina gyaran moto yake yi, wato babur, yana bin kasuwanni har Gazawa. Ya dawo da mataccen buji, filogin nan da ke ba inji wuta, a aljihu, ya miƙa mata don tsokana, ya nuna farin wurin.

"Inna, kin ga 'yan uwanki maginan can ƙasashen. Wannan ma ƙasa ce anka toya."

"Ƙarya kake, ɗan nema. Ƙashi ne."

"Wallahi ƙasa ce. Wani da ya yi karatun lakol mai zurfi ya gaya mani. Gari ne suke haɗawa da wani gari kaɗan, su matse shi, su toya cikin rufaffiyar wuta. Wai akwai wani irin ma da ya fi wannan, baƙi-baƙi, har ƙwallayen cikin inji ake yi da shi, ƙarfe ya gaji shi bai gaji ba. In sun canza abin da sunka zuba, ko yadda sunka ba shi wuta, sai halinsa ya canza."

"To ai wannan ba labari ba ne," in ji ta. "Mu ma haka muke."

Amma ta karɓa. Ta gwada shi da haƙori. Ta lasa, ta ce ba ya kama harshe. Ta jefa shi cikin garwashi, ta ciro, bai ce komai ba. Ta ɗora a dutsen niƙa ta buga, dutsen ne ya yi tabo. Ta ɗiga masa ruwa, ruwan ya gangare bai shiga ba. Sai ta shiga juya shi a tafin hannu.

"Wanda ya toya wannan ya san wuta," ta ce. "Amma ya toshe shi sarai, ba ya numfashi. Ko randa guda anka yi da shi, ba za ta sanyaya maka ko moɗa ɗaya ba." Sannan ta ƙara, "Da zan gan shi dai, da na tambaye shi mi ya zuba."

Ta ajiye bujin cikin ƙwaryar kayan aikinta, tare da 'ya'yan kukar da take goge tukwane. Yana nan har yau. Tsohuwa mai furfura tana marmarin tambayar wanda ba za ta taɓa gani ba, ni kuwa ga ta a gabana, ina tsinke zogale, na ƙi buɗe baki.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka mai zafi ce. Da na haifi takwara, aka ce ɗiyar fari ce, ba a ɗauka a gaban mutane, ba a yi mata wasa, ba a kiran suna. Daga ta sha nono sai a karɓe. Ina jin kukanta a bayan wata, ƙirjina yana zuba, ina yin kamar ban ji ba. Inna ce ta lura. Da rana in gida ya yi tsit sai ta kawo mani ita ɗaki, ta ce, "Kunyar nan ta idon mutane ce. Rungumi abinki." Ta ja ƙofa, ta zauna a waje da yumɓunta. Duk wadda ta nufo sai in ji ta ce, "Mai jego na barci, ki dawo an jima." Ba mu taɓa yin zancen ba, ni da ita, ko sau ɗaya.

Bazarar bara takwara ta yi zawo har idanunta suka faɗa. A gidan likita aka ba mu garin nan na gishiri da sukari, aka ce a dama da tafasasshen ruwa a yi ta ba ta. Ta ƙi. Ta datse haƙora, in an ɗura ta dawo da shi. Ni na riga na fara kuka, don na ga yadda ƙanena ya tafi da irin wannan. Inna ta karɓi kwalbar da na dama shi a ciki, ta ɗaura mata zare a wuya, ta zura ta cikin randa. Da ta yi sanyi ta juye a moɗarta, ta ce, "Takwara, zo mu sha ruwanmu, kada Bagobira ta gani." Yarinyar nan ta sha. Kwana uku a cinyarta, kurɓi-kurɓi, har ta tashi.

Tun daga nan ba ta shan kowane ruwa sai "ruwan Inna". In zafi ya dame ta, zuwa take ta manna kumatunta a jikin randar ta yi luf. Da yake ba ta kai bakin ba, kullum sai an ɗaga ta, shi ne Inna ta ce za ta gina mata tata daidai tsawonta. Ina madafa ina jin su. "Kawo yatsanki nan. Danna. To ga nawa kusa da naki. Duk wadda ta ce tata ce, ki nuna mata." Bayan kwana biyu tari ya kama Inna.

Da babbar randar ta fashe muka koma ruwan bido, wato jarka. Wanda ya san bidon roba a bazara ya san abin da nake nufi, kafin azahar ruwan ya isa a yi wa jariri wanka. Takwara sai ta kurɓa ta ture. Leɓenta ya fara tsagewa. Na koma bin ta bayan ɗaki ina duba ko ta yi fitsari, ina duba launinsa, ina jan fatar hannunta in ga ko za ta koma. Mijina ya ce in daina, zan sa wa yarinya ciwon da babu. Na fara ɗaukar kwano ina shiga maƙwabta, duk gidan da na san randarsu ginin Inna ce. Ruwansu kawai take sha.

Na ce wa Iya zan toya tukwanen. Ta riƙe baki.

"Ba a tada wuta a matoyar mamaci sai an yi arba'in. Haka munka taras."

"Iya, damina ta kusa."

"Ko ta zo. So kike a ce ƙasar kabarinta ba ta bushe ba kun hau kayanta?"

Mijina ya ce shi bai san wannan a addini ba, amma in yi haƙuri, kada a ce matarsa ce ta karya. Na ce to Iya ta koya mani kafin lokacin. Ta ce ita tun tana ƙarama aka kai ta gidan 'yan kasuwa riƙo, "Yaya ce mai hannun. Ni dai na san ana jerawa, a ruhe, a sa wuta."

Ruwan farko ya sauka saura kwana shida arba'in. Bai taɓa tukwanen ba, na riga na ɗora su kan gadon Inna na lulluɓe. Amma ɗakin ya ɗauki danshi. In na taɓa su sai in ji sun yi sanyi kamar hannun mara lafiya, launinsu ya ɗan yi duhu. Kullum sai na shiga sau biyar, sau shida, ba abin da nake iya yi sai kallo.

Washegarin arba'in gari ya waye da rana. Na kwashe su zuwa matoya, wani ɗan kwari ne bayan gari da ƙasarsa ta yi baƙi. Iya ta biyo ni, mijina ya kawo kara da kashin shanu a amalanke ya wuce kasuwa. Na san Inna takan ɗumama tukwane kafin babbar wuta. Kifa su take kan ɗan garwashi tun safe, tana juyawa, tana kai kumatunta bakin kowace, sai ta daina jin danshi. Wani lokaci har la'asar. Na fara haka. Amma kafin azahar gabas ta haɗe, baƙi ƙirin. Na kai kumatuna bakin tukunya, ban san abin da ake ji ba. Na ji ɗumi. Na ce ya yi.

Wajen jeri kuma, na sha ganin Inna tana sa tukwanen girki a tsakiya, randuna a gefe. Na ɗauka don randuna sun fi girma ne. Ban san tsakiya ce wuta ta fi ci ba, ban san randa ba ta son wutar da tukunya ke so ba. Ni dai na dubi 'yar ƙaramar nan na ga ba zan iya barin ta a gefe iska na dukanta ba. Na sa ta a tsakiya, na kewaye ta da manya, yadda ake kwantar da jariri. Kashin shanun da ya fi kauri na tula mata. Na rufe da kara, na yi bisimilla, na kunna ta kusurwa huɗu lokaci guda don ya yi sauri.

Ba a jima ba na ji ta farko. Kamar an harba bindiga cikin rami. Iya ta ce, "La'ilaha illallahu." Sai ta biyu. Sai biyu a tare. Kowace ta fashe sai tulin ya ɗan zauna, tartsatsi ya tashi. Na san ƙarar matoya in Inna tana toyi, wuta ce kawai ke huci, ita tana zagayawa da doguwar sanda tana toshe inda ya buɗe. Wannan ƙarar ban taɓa jin ta ba. Na tsaya da sandarta a hannu ina ƙirgawa, ba wurin da zan taɓa. Da na kai takwas na zauna a ƙasa.

Hadarin kuma bai zubo ba. Iska ce ta taso ta kore shi yamma. Ko ɗigo.

Rana ta yi ƙasa wutar ta kwanta. Na tona da sanda, tsingaro, tsingaro, wuyan tulu, gindin randa. Sai ga 'yar ƙaramar a tsakiya, a tsaye, ja wur kamar garwashi, ba tsaga. Iya ta yi guɗa ta manta jiya aka yi arba'in. Ni tsoro ne ya kama ni. Na ce yanzu iska za ta buge ta ta tsage a idona. Ga kwatarniyar ruwan bagaruwa a gefe, na jiƙa tun jiya saboda tukwanen girki, don na sha ganin Inna tana yayyafa masu da zafinsu, su yi baƙi, tana cewa bagaruwa tana ɗaure tukunya. Tukwanen girki babu ko ɗaya. Na jawo randar da sanda, na tsoma tsintsiya, na shiga yayyafa mata. Tana ƙara, tururi na tashi. Ciki da waje.

"Ke ɗiyar nan," in ji Iya, "ni ban taɓa ganin baƙar randa ba."

"Ni dai kada ta fashe, Iya."

Na san randa ja ce. Wa bai sani ba? Na ɗauka launi ne kawai, ado ne. Sai da na ƙarar da ruwan kwatarniyar kaf.

Da safe ta fito baƙa, tana sheƙi. Mijina ya ƙwanƙwasa, ta yi amo kamar ƙarfe. Ya ce, "Kai, ko Inna sai haka." Maƙwabta suka shigo gani. Kwana uku ina cika ta ina zubarwa don ɗacin ya fita. Rana ta huɗu na kafa ta gindin bedi, a gurbin tsohuwar, na cika ta tun asuba, na rufe da faifai.

Da azahar na je na shafa jikinta. A bushe. Na duba ƙasan gindinta, inda na saba ganin damshi har kaji na kwanciya. A bushe. Na zura hannu. Ruwan bido ne, ba bambanci.

Ban kira takwara ba, ita ta zo da kanta da moɗar Inna. Ta sa yatsa a wuyan randar ta nemo shaidarta, ta yi dariya. Ta manna kumatunta. Ta ɗago, ta sake mannawa a wani gefen. Sannan ta ɗiba, ba wanda ya ɗaga ta, ta kurɓa, ta bar shi ya zubo ta gefen baki.

"Ina ruwan Inna?"

Na ɗauki kwano na nufi maƙwabta.

Bafulatanar nan ta zo da nono bayan kwana biyu. Ta ga randar, ta ajiye ƙwarya, ta ƙwanƙwasa ta kara kunne. Ta ce, "Wannan za ta kai jikokinki." Sai ta shafa jikinta, ta dubi tafin hannunta. Ta dube ni. "Ginin nata ne. Wutar ba tata ba ce." Na ce ni ce. Ta ce, "Kin toshe ta, ɗiyata. Duk hanyoyin da ta bar mata kin rufe." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ɗauki ƙwaryarta, ranar ko cinikin ba mu yi ba.

Inna ta auna ƙaiƙayin nan da haƙoranta, don ruwan jikarta ya yi sanyi. Abu na ƙarshe da hannunta ya gama ke nan a duniya. Bai fashe ba, da ya fashe da na ce ƙaddara. Ni na mai da shi ɗan uwan bujin da ke cikin ƙwaryarta, saboda tsabar son kada ya lalace.

Mijina ya ce zai sayo wata randa in ya je kasuwa, wai ana kawowa daga nesa. Ya sayo. Ta fi bido, amma takwara ta kurɓa ta ce ba shi ba ne. Iya ta ce yarinya ce, za ta manta. Wannan ɗin ma tsoronsa nake.

Tsingaron tukwane takwas ɗin na kwashe su cikin buhun Inna. Na daka kaɗan. Na je bakin tafki na ɗebo yumɓu daga raminta, wanda ruwa ya fara cikewa. Na watsa, na taka, na tsinko na sa tsakanin haƙorana. Na tsaya ina jira in ji "saura" ko "ya yi". Ƙasa kawai na ji.

Yanzu damina ta zauna, zafi ya ragu, yarinyar tana ɗan sha. Amma bazara za ta dawo. Gidaje bakwai na sani a ƙauyen nan da ke da randar Inna. Makon jiya saniya ta ture ta gidan liman, saura shida. Baƙar tana nan gindin bedi, gero nake zubawa a ciki, ko ƙwaro ba ya shiga. Takwara takan je ta sa yatsanta a shaidar nan biyu. Tata ta fara yi mata kaɗan.

Allah Ya gafarta wa Inna, Ya yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Yadda ta shayar da bayinSa ruwan sanyi shekara da shekaru, Ya sanyaya mata inda take kwance. Wanda duk ya taɓa kai moɗa cikin randarta, in ya karanta wannan, ya yi mata addu'a, ya kuma riƙa rage ruwan kafin ya ɗaga, don babu wata.

Ni kuma gobe da hantsi zan ɗauki kwano in shiga maƙwabta, in yi sallama, in ce a sam mani ruwan Inna.